Shinkafar fadama: yadda za ka rage asarar ruwa da ta cuta

Ƴan uwa manoma na Argungu, Suru, Bunza har Yauri, maganar nan tun kafin a zuba iri ya kamata a yi ta, don rabin asarar da muke kuka da ita a Satumba tun a Yuni muke shuka ta da hannunmu. Kowa ya ga abin da ruwa ya yi mana a 2020, gonaki suka koma gulbi shinkafa na gab da nuna.

Fara da iri. In gonarka a kwari take inda ruwa ke kwanciya duk shekara, nemi FARO 66 ko FARO 67, su kan jure nutsewa na kusan sati biyu, FARO 44 da muka saba da ita tana da auki amma ba ta da wannan juriyar. Kuma dan Allah a daina awo a kasuwa ana cewa iri ne, je wajen malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kebbi, su nuna maka na gaskiya. Ka zuba shi a bokitin ruwa, duk wanda ya taso sama fanko ne kwashe ka zubar, sauran ka cuɗa da maganin iri sannan ka yafa a gadon reno.

Kwana 21 ka cire ka dasa, kar ka bari ya tsufa, tsiro biyu ko uku a rami, tazarar santimita 20. Ka yi da wuri, ka bi hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo, ruwan gulbi dai ƙarshen Agusta zuwa Satumba yake cika, wanda ya makara shi yake tararwa.

Sai cuta, nan ne muke ɓarnar kuɗi wallahi, mutum na ganin ganye ya sauya sai ya ruga ya ciko tankin feshi bai ma san me yake kashewa ba. Tsuguna ka duba. Tabo mai kamar ido, tsakiyarsa toka-toka gefe ja-ja, daga baya wuyan zangarniya ya yi baƙi ta bushe ba ƙwaya, wannan cuta ce kuma yawan yuriya na ƙara mata ƙarfi, shi ya sa ake raba takin kashi biyu ko uku ba a antaya shi lokaci ɗaya. In kuwa zangarniya ta yi fari ka ja ta ta zaro ba wuya, tsaga karan, tsutsa ce a ciki, maganinsu ba ɗaya ba ne. Gonar da ta kamu kar ka ajiye irinta.

In ruwa ya hau ya janye kuma shinkafar na da sauran rai, buɗe mata hanya ya tsane, watsa ruwa ka wanke lakar da ta manne a ganye, ka ba ta kamar sati ɗaya sai ka ga sabon ganye ya leƙo kafin ka sa ɗan yuriya. In ta ruɓe har gindi kar ka ƙara zuba mata ko sisi, ka tattala kuɗin man inji don noman rani.