Yadda ake tantance sabon tsarin gina shafukan intanet kafin a ɗora aiki a kansa

Duk bayan 'yan shekaru sai wani sabon tsarin gina shafuka (framework, wato kayan aikin da masu rubuta manhaja suke ɗora shafi a kansa) ya cika jaridun fasaha. Haka aka yi da Ruby on Rails a 2005, lokacin da David Heinemeier Hansson ya fitar da bidiyon da ya gina shafi a cikin minti 15. Haka aka yi da React bayan Facebook ya sake shi a 2013, sannan Svelte da Astro. Yawan rubutu a kan tsari yana nuna mutane suna sha'awarsa, amma ba ya nuna zai riƙe aikinka shekara uku. Ga yadda ake bincikawa a cikin kwana biyu ko uku.

Da farko, duba lambar sigarsa. A ƙa'idar da yawancin masu manhaja suke bi, duk sigar da take ƙasa da 1.0 ba ta ɗauki alkawarin komai ba, ana iya sauya ta gobe. SvelteKit ya sauya yadda ake tsara fayilolin shafuka gaba ɗaya a watan Agustan 2022, 'yan watanni kafin fitowar 1.0 a Disamba, waɗanda suka riga suka yi gini sai da suka koma suka sake jera fayilolinsu. Idan tsarin yana npm, wato rumbun da ake sauke manhajojin JavaScript, rubuta `npm view` da sunansa da kalmar `time`, za ka ga ranar fitowar kowace siga. Karanta bayanin sauye-sauye na manyan sigogi biyu na ƙarshe. Abin da kake nema shi ne ko suna rubuta jagorar ƙaura daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. Wuce 1.0 ma ba kariya ba ce: Google ya fitar da Angular 2 a 2016 a matsayin sabon gini da bai dace da AngularJS ba, kuma ya daina kula da tsohon a ƙarshen 2021.

Na biyu, gano su wa suke riƙe da shi. Yawan taurarin GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ba ma'auni ba ne, danna tauraro ba ya cin kuɗi. Sauke ma'ajiyar rubutun tsarin daga can, ka rubuta `git shortlog -sn --since="1 year ago"`. Idan mutum ɗaya ne ya yi kusan duk aikin shekarar kuma babu kamfanin da yake biyansa, to ranar da ya gaji tsarin ya tsaya. Buɗe ƙorafe-ƙorafe (Issues) goma na baya-bayan nan a shafinsa na GitHub ka ga ko ana amsawa.

Na uku, lasisi. MIT, Apache 2.0 da BSD ba sa hana aikin kasuwanci. Minti biyar ya isa a duba lasisin, amma kada a tsallake: a 2017 wani sharaɗi a lasisin React ya sa WordPress ya sanar zai bar shi, har sai da Facebook ya koma MIT.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi amfani. Gina ƙaramin gwaji, amma ba irin wanda yake cikin darasinsu ba, domin darasi an tsara shi ne ya bi ta inda tsarin ya fi ƙarfi. Ɗauki ɓangare mafi wuya na aikinka na gaske. Shafuka uku sun isa: shafin shiga da kalmar sirri, fom mai tura bayani zuwa rumbun bayanai yana kuma nuna kuskure idan an cika ba daidai ba, sai jeri mai layi kamar 500 da ake iya bincikawa. Idan za a karɓi kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, haɗa shi tun yanzu. A nan ne matsala take fitowa: rubutun da aka yi don burauza yakan nemi `window`, wani abu da burauza take samarwa, alhali tsarin yana fara haɗa shafin ne a sabar, inda babu `window`, sai ginin ya tsaya da kuskure. Duk inda ka maƙale, lura da tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka sami amsa. Sabon tsari yakan yi ƙarancin amsoshi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake samu na tsohuwar siga ne.

Na biyar, auna nauyi. Yi `npm run build`, ka buɗe abin da aka gina, ba yanayin gwaji (dev) da ake amfani da shi lokacin rubutu ba, domin alƙaluman yanayin gwaji ba abin dogaro ba ne. A Chrome danna F12, shiga Network, kashe ajiyar wucin gadi, ka rage gudu zuwa 3G. Duba kilobayit nawa na JavaScript aka sauke, sannan ka gudanar da Lighthouse, kayan auna saurin shafi da ke cikin Chrome. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Masu rubutu a jaridun nan galibi da kwamfuta mai ƙarfi suke gwadawa. Idan masu ziyartar shafinka da ƙaramar wayar Android suke shiga, gwada a irinta.

Na shida, ɗora gwajin a inda aikin zai zauna. Masaukin shafuka mai rahusa na cPanel galibi don PHP aka tanade shi, ba kowane ne yake gudanar da Node.js, manhajar da take gudanar da JavaScript a sabar, ba. Astro yana iya fitar da fayilolin HTML zalla, waɗanda za su zauna ko'ina. SvelteKit kuwa sai an zaɓa masa abin haɗi da ya dace da masaukin, kamar `adapter-static` ko `adapter-node`, na biyun yana buƙatar sabar da take aiki dare da rana, wato ƙarin kuɗi kowane wata.

Idan ya tsallake duka, kulle sigar da `npm install --save-exact`, ka ajiye `package-lock.json` a Git, ka riƙa amfani da `npm ci` wajen ɗorawa. Lissafin farashi da ƙa'idojin kasuwancin kuma a rubuta su a fayiloli daban da ba su jingina da tsarin ba, ta yadda idan ƙaura ta kama, fuskar shafin kawai za a sake.