Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen motsa tufafi a Blender

Ɗalibin da ke koyon zane mai motsi a Yamai da manhajar kwamfuta ta Blender, idan ya ga riga ta ratsa jikin mutum-mutuminsa ko ta tarwatse, yakan shiga sauya lambobin saitin yadi ɗaya bayan ɗaya, alhali galibi ɓarnar ta faru ne tun kafin a kunna lissafin da manhajar ke yi don motsa yadin.

Girma shi ne abin dubawa na farko. Blender da mita yake awo, kuma yana jan komai ƙasa da ƙarfin 9.81, daidai da na duniya. Wanda ya zana mutum mai tsayin mita 20 bai lura ba, zai ga rigarsa tana saukowa a hankali kamar a cikin ruwa. A mayar da mutumin tsayin ɗan Adam, sannan a danna Ctrl+A a tabbatar da girman.

Yadi kuma ba ya lanƙwasa sai a inda ragarsa, wato layukan da suka haɗa siffarsa a manhajar, take da ɗigo, saboda haka shimfiɗa mai kusurwa 4 kawai a sandare za ta faɗo. A rarraba ta daidai gwargwado, amma kada a cika, domin kwamfutar ɗalibi ba za ta ɗauka ba.

Ratsa jiki ne ya fi ɓata wa ɗalibai rai. Wani lokaci jikin ne ba a sa masa Collision ba, wato saitin da ke sa yadi ya tsaya idan ya taɓa jiki. Wani lokaci rigar ce ta riga ta shige cikin fata tun a hoton farko na motsin, sai manhajar ta tunkuɗe ta da ƙarfi. Idan kuwa hannu yana motsi da sauri, matakan lissafi 5 da Blender ke farawa da su ba sa isa, sai a ƙara su zuwa 10 ko sama. Ya kamata mutumin ya fara a tsaye, hannuwa a buɗe, a bar rigar ta zauna kafin ya ɗaga ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar saitin siliki a ɗora wa babbar riga. Cikin saitunan da ke zuwa da manhajar, wato auduga, siliki, jins, fata da roba, babu shadda. Shaddar da ta sha bugu tana karyewa ne manya-manya, tana riƙe siffarta a kafaɗa, don haka tana buƙatar ƙarin taurin lanƙwasa; mayafi kuwa bin iska yake yi. Ɗalibi ya je wurin tela ko Babbar Kasuwa, ya ɗauki bidiyon yadda kowane yadi ke faɗuwa, ya ajiye shi kusa da aikinsa yana kwatantawa.

Tun da wuta takan ɗauke lokacin zafi, a adana fayil, a sa sakamakon lissafin ya zauna a faifai, sannan a danna Bake, maɓallin da ke yin lissafin gaba ɗaya ya ajiye shi. Duk wanda ya sauya saiti bayan haka sai ya goge tsohon sakamakon, in ba haka ba canjin ba zai fito ba.