Yadda za ka nemo tsohuwar motar tsere ta Japan mai lafiya kana zaune a Bauchi

Kusan duk matashin da ya ce min yana son tsohuwar motar Japan sunaye uku yake kira, Supra, Skyline, RX-7. Ba laifi, motoci ne na gaske, ni ma ina son su har raina. Amma ɗan'uwa kafin ka fara tara kuɗi ka san wani abu, a harkar nan lafiyar motar da takardunta sun fi sunanta muhimmanci nesa ba kusa ba. Celica mai tsabta da ba a taɓa buɗe injinta ba ta fi Supra da ta sha hannun makanikai goma.

Fara da maganar sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Japan kuwa har yau a hagu suke tuƙi, shi ya sa motocin da suka ƙera wa kasuwarsu ta gida sitiyarinsu yake a dama. Skyline GT-R irin su R32 ta 1989 da R34 ta 1999 a haka suka fito daga kamfani, kuma 'yan Road Safety ba sa yarda da mota mai sitiyari a dama. Dillali zai ce maka ai ba komai za a juya, to wannan juyin shi ke kashe motar, a yanka bodi a sake dashbod a jona wayoyi da hannu, birki da sitiyarin da rayuwarka ta rataya a kansu su koma aikin walda. Ni dai ko kyauta ba na ba da shawarar wadda aka juya. Ka nemi wadda aka yi wa kasuwar Amurka ko ƙasashen Turai irin su Jamus, ta zo da sitiyarinta a hagu tun asali.

Sai maganar shigowa da ita. Kwastam na da iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo, motar 1995 ta wuce wannan iyakar tuntuni, don haka wanda ya ce zai kawo maka ta daji ya gyara takarda daga baya rigima yake sayar maka. Ga farashi ya tashi a waje, domin a Amurka mota in ta cika shekara 25 ana barin a shigar da ita, masu kuɗi suka yi ta rububin motocin Japan, Supra ta 1993 zuwa sama mai inji 2JZ da turbo biyu, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, akwai waɗanda aka sayar sama da dala 100,000. Ka lissafa da canjin yau ka gani. Shi ya sa nake cewa neman ka yi shi a cikin gida, motar da ta riga ta shigo shekaru da suka wuce aka biya mata duti, wato kuɗin kwastam.

Suna nan kuwa. Suna kwance a garejin tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, a GRA ta nan Bauchi, a Jos, Kaduna, Kano da Abuja, an lulluɓe su da tampol mai su ya tsufa ko ya rasu yara ba su damu da su ba. Irin waɗannan ba sa hawa Jiji ko Facebook, in ma sun hau dillalai sun riga ka. Hanyar da ta fi ci ita ce bakin mutane, ka je wajen tsofaffin makanikai da masu fenti da rewaya ka gaida su da girmamawa ka ce Baba ina neman mota mai ƙofa biyu ta Japan, in ka ji labari ga lambata, ka kuma ɗan yi musu alheri. Su suka san gidan da kowace mota take domin su suka yi mata sabis shekara da shekaru. Sai haƙuri, abin na iya ɗaukar watanni.

Wacce za ka nema? A nan nake so mutane su sauko ƙasa kaɗan. Celica ta shekarun 1990 mai inji 2.2 injin Camry ne a cikinta, wadda ta fito daga 1999 kuma akwai mai inji 1.8 irin na Corolla, Honda Prelude wasu injinsu ɗaya da Accord ta zamaninsu, kenan kayan inji ba za su gagare ka ba a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, makanikinka na titin Jos ma ya san su. Mazda MX-5 da ta fara fitowa a 1989 ita ma ba ta da rikici. Nissan 300ZX kyakkyawa ce wallahi amma injin ya cika cikin bonet ɗin dam, ƙaramin gyara sai an sauke abubuwa da yawa. RX-7 kuwa injinta ba mai fistin ba ne, mai juyawa ne, tana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan da gangan don haka aka ƙera ta, in ba ka da wanda ya taɓa buɗe irinsa kada ka kusance ta komai sonka da ita.

In ka samu wadda ta kwanta maka, ka je da sassafe ba tare da an san lokacin zuwanka ba, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake. Tashin farko shi ke faɗin gaskiya. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin tana ƙona baƙin mai, farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, ka buɗe murfin baƙin mai in ka ga abu kamar madara ya taru mai yiwuwa gasket ɗin da ke hana ruwa haɗuwa da mai ya tafi. Lagireto ma ka leƙa, da yawa ruwan rijiya aka yi ta zuba musu ciki ya ci tsatsa. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ka ɗauka kawai za ka canza bel ɗin taimin, tiyo-tiyo, tayoyi da man birki ko da mai ita ya rantse lafiya lau suke, roba ba ta jure zama.

Bodi shi ne inda za ka fi ɓata lokaci domin inji ana samu, bodi na asali in ya tafi ya tafi. Mu nan arewa mun yi sa'a iskarmu busasshiya ce tsatsa ba ta cika cin mota ba, rana ce matsalarmu, ita ke fasa dashbod ta ƙone fenti ta busar da robar gilashi. Motar Legas akasin haka, sama fes ƙasa ruɓe saboda gishirin teku da ambaliya. Don haka a hau da ita rami ka shiga ƙarƙashi da tocila da kanka, ka duba shasi ko akwai sabon walda ko lanƙwasa, ka ɗaga kafet na ciki da na but inda safaya ke zama, warin danshi ko busasshen laka a lungu alamar ta taɓa nutsewa ne. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa mai yiwuwa fanel bita ne ya cike wajen da fila don ɓoye lotsawa. Mitar da ke nuna nisan tafiyar da motar ta yi kada ka yarda da ita sosai ana juya ta, ka kalli yadda feda da kujerar direba da kan giya suka suɗe. Gilasai, fitilu da kayan ciki in sun cika to ka samu dukiya, su ne ba a samu a kasuwa.

Ka tuƙa ta da kanka, ka hau titin Ningi ko na Dass inda za ka iya sa giya duka ka ji ko tana ja gefe ko zafi na hawa, ka kuma bi ta kan bamp na cikin gari a hankali ka ga ko cikinta na gugar ƙasa, motocin nan gajeru ne.

Kafin kuɗi ya bar hannunka lambar shasi da ta inji su yi daidai da na takarda harafi da harafi, ta Amurka lambarta guda 17 ce kuma kana iya bincika tarihinta a intanet. Ka kai takardar duti ofishin kwastam a tantance. In motar gado ce kada ka yi ciniki da ɗa ɗaya a ɓoye, a tara magada ko wakilinsu a rubuta yarjejeniya da shaidu, la'adar dillali a yanke ta tun farko. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a sayen, ka ware kaso mai kauri na gyaran watannin farko, tayoyi huɗu da batir da shokozoba kaɗai za su ci kuɗi sosai kafin ma a zo kan fenti.