Kurakuran masu shiga magudanun ruwa da kyamara a Marwa

Na gaji da ganin samari suna maimaita kurakuran da suka kusa raba ni da raina a cikin kwalbatoci da lambatun da aka rufe da kankare a garin Marwa da ke arewacin Kamaru. Yaro zai ga hoton haske yana ratsowa ta bakin kwalbati, sai ya ɗauka cewa kyamara da ƙarfin hali kaɗai ake bukata.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne mutum ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga babu hadari, ya yanke hukuncin cewa babu ruwa. Mafi yawan ruwan da ke cika kogunan garin, wato Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, daga ɓangaren duwatsun Mandara yake gangarowa, saboda haka ana iya tafka ruwa a wajen garin Mokolo da ke cikin duwatsun alhali rana tana ƙwallewa a unguwar Domayo ta Marwa. Idan mayo, wato kogi, ya cika, magudanun da ke zuba a cikinsa sukan kasa fitar da nasu ruwan, har na waje ya komo ta cikinsu. Wata rana a watan Yuli na shiga wani lambatu a sunkuye ta bakin da ke kallon mayo, na kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, ina ta gyaran haske. Abin da na fara lura da shi wata baƙar leda ce da guntun karan dawa da suka bi ta tsakanin ƙafafuna suna nufar ciki, maimakon su nufi waje. Kafin in gane ma'anar hakan ruwa mai launin kunun kanwa ya kai mini gwiwa. Na tsaya naɗe maɗorin, wanda shi ne wauta ta biyu, ruwan ya kwashe mini ƙafa, kyamarar da na yi shekara biyu ina tara kuɗinta ta nutse, ni kuma na fito da rarrafe ta wani gurbi da murfin kankarensa ya karye. Kada kowa ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ganganci na yi. Tun daga ranar ba na shiga daga watan Yuni har ƙarshen Oktoba, kuma ko da rani sai na bar mutum a bakin ramin, wanda ya san lokacin da na ce zan fito.

Kuskure na biyu shi ne raina wari. Akwai masu alfahari da cewa hancinsu ya saba, kuma wannan alfahari ne da jahilci. Inda ruwan wanke-wanke da na bayan gida suka kwanta suka ruɓe, akan sami iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take taruwa, daidai inda mai ɗaukar hoto yake durƙusawa. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta tafi alhali ƙaruwa ta yi. Takunkumin yadi ba ya tare ta. Iskar oksijin a sarari kusan kashi 21 cikin 100 ce, kuma ma'aikatan ramuka suna ɗaukar abin da ya gaza 19.5 a matsayin haɗari. Ni dai ba na taka taɓon da ya kwanta, domin motsa shi ne ke sakin iskar, kuma ba na wuce inda nake hango hasken mafita.

Sai batun izini, wanda masu ɗoki suke ganin ɓata lokaci ne. Wannan yanki ya sha fama da hare-haren Boko Haram, kuma duk wanda aka gani yana fitowa daga ƙarƙashin gada da jaka a baya da fitila a goshi, ba mai ɗaukar hoto za a ɗauke shi ba. Na taɓa wuni a kan benci ina amsa tambayoyi, aka kuma goge duk abin da na ɗauka. Yanzu jauron unguwa nake fara gaisarwa, in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni," in nemi ya haɗa ni da yaro ɗaya.

Sauran ƙanana ne. Silifa ba takalmin shiga ba ne, akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi masu tsatsa, ga fitsarin ɓera da ke shiga jiki ta rauni. Kada a cusa hannu a tsagar bango, da rani kunama da maciji ne ke fakewa a ciki. Tocila ɗaya ba ta isa ba.

Game da hoton kansa, filasha ita ce ke lalata shi, domin ƙura da tururi kawai take haskawa. Ina ɗora kyamara a maɗori, in bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 ko 200, in bar idonta a buɗe na daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan in riƙa shafa bango da hasken tocila daga gefe don zanen da ruwa ya bari a kankare ya fito. Kyamara ba ta iya saita kanta a duhu, sai an haska wuri ɗaya an saita da hannu, kuma a duba gilashinta kafin kowane ɗauka, domin laimar ciki tana sa shi ya yi hazo.