Darasi na Bakwai: Gubar Dalma a Ruwan Sha na Makaranta

Yaron da ke zuwa firamare da safe, ya wuce Islamiyya da yamma, yakan shafe mafi yawan yininsa a wajen gida, kuma ruwan da yake sha a waɗannan sa'o'i ba daga randar mahaifiyarsa yake fitowa ba. Daga famfon makaranta yake sha, ko daga tankin da ke bisa hasumiya, ko daga tuƙa-tuƙa da ke bakin ƙofa. A darasin da ya gabata mun yi magana a kan ƙwayoyin cuta da ke jawo amai da gudawa da zazzaɓin taifod. Wannan darasi yana magana ne a kan wani haɗari dabam, wato dalma, wadda tafasa ruwa ba ya maganinta.

Abin da dalma take yi wa yaro

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi, mai launin toka, ita ce take cikin batirin mota, kuma ana samunta a wasu fenti da kuma kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido. Jikin ɗan Adam ba ya da wani amfani da ita ko kaɗan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a cikin jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Idan ta narke a ruwa, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, saboda haka ruwan da ya yi garau a kofi yana iya ɗauke da ita.

Yara ƙanana ne suka fi shan wahalarta. Idan babba da yaro suka sha ruwa ɗaya, cikin yaron yakan tsotsi dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babban zai tsotsa, kuma abin yakan ƙaru idan yaron yana jin yunwa ko yana fama da ƙarancin jini. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam da ake gina ƙashi da shi, sai ya ajiye ta a ƙasusuwa da haƙora, inda take iya zama shekaru masu yawa. Yarinyar da ta tara dalma a ƙashinta tana ƙarama, idan ta girma ta sami juna biyu, dalmar tana iya komawa cikin jininta ta isa ga ɗan da ke ciki.

Babbar ɓarnar tana faruwa ne a ƙwaƙwalwa, wadda ke tsakiyar girma a shekarun farko na rayuwa. Dalma kaɗan da ake sha yau da gobe tana rage kaifin basira, tana hana yaro natsuwa a aji, tana sa shi saurin fushi da mantuwa, kuma yawancin wannan illa ba ta gyaruwa bayan ta auku. Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne, irin wannan yaro ba ya kwanciya ciwo, don haka ba wanda zai kai shi asibiti. Sai dai a ce daƙiƙi ne ko ba ya jin magana, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Ba kowane yaro mai jinkirin fahimta ne dalma ta taɓa ba, amma ya kamata iyaye da malamai su san cewa tana cikin dalilan. Idan ta yi yawa a jini, sai a ga ciwon ciki da amai da taurin bayan gida da kasala, daga nan sai shiɗewa da suma, har ta kai ga rasa rai.

Mu a Arewa mun ga ƙarshen wannan da idonmu. A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, inda yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 aka sake samun irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar jiharmu ta Kaduna. A can ƙurar dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ce ta kawo gubar, kuma adadin ya zarce abin da ake samu a famfo nesa ba kusa ba. Ta famfo a hankali take shiga, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma ƙwaƙwalwar da yake taɓawa ɗaya ce.

Ta ina take shiga ruwan makaranta?

A mafi yawan lokuta ruwa yakan baro matatar ruwa ko ƙarƙashin ƙasa ba tare da dalma mai yawa ba, a kan hanyarsa ta zuwa bakin yaro yake kwaso ta. Ku je ku tsaya gaban famfon makarantar 'ya'yanku ku dube shi da kyau. Idan kan famfon na tagulla ne mai ruwan ɗorawa, ku sani cewa masu ƙera irinsa sukan gauraya dalma a cikin tagullar don ta yi saukin sarrafawa, kuma ko wanda aka shafe da farin ƙarfe mai ƙyalli sau da yawa tagulla ce a ciki. Haka nan mahaɗan bututu na tagulla, da ƙarfen liƙi da ake narkawa a haɗa bututun jan ƙarfe, da tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa, da wasu sassan da ke can ƙasan famfon tuƙa-tuƙa waɗanda ba a ganinsu sai an zare su.

A nan Afirka ta Yamma ma ana samun wannan. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a kan famfunan karkara a Ghana da Mali da Nijar, ya sami dalmar da ta wuce ƙa'ida a kusan kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka gwada, kuma ya danganta ta da sassan tagulla na famfunan. Ƙasashe daban ne, amma ba mamaki a sami irin waɗannan kayan a kasuwanninmu.

Abubuwa uku ne ke ƙara yawan dalmar da ruwa ke kwasa: daɗewarsa a tsaye cikin bututu, da zafi, da kuma yanayin ruwan kansa, domin ruwa mai ɗan tsami ya fi cin ƙarfe. Misalin na ukun shi ne birnin Filint na Jihar Mishigan a Amurka, inda a watan Afrilun 2014 hukuma ta koma ɗebo ruwa daga kogin garin ba tare da sa maganin da ke hana shi cin bututu ba, ruwan ya kankaro dalma daga tsofaffin bututu ya kai ta gidaje da makarantu, sai da wata likitar yara ta nuna a 2015 cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin kafin aka saurari koken jama'a.

Na farkon da na biyun kuwa, wato daɗewar ruwa a bututu da zafi, su ne suka sa makaranta ta bambanta da gida. A gida ana buɗe famfo safe da rana da dare. A makaranta ruwa yakan kwana a bututu tun daga tashin yara har wayewar gari, yakan yi Asabar da Lahadi a tsaye, yakan yi makonni a lokacin dogon hutu, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kan ganiyarsa, bututun da ke shimfiɗe a rana yakan yi zafin da hannu ba ya iya riƙe shi. Yaron da ya riga kowa zuwa ranar Litinin, ya kafa baki a famfo, shi ne yake shanye ruwan da ya fi kowane daɗewa yana jiƙa da ƙarfe.

Abin da ba ya magani, da abin da yake ragewa

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ta da rai balle zafi ya kashe ta. Tururi ne ke tashi, ita kuma ta zauna a ragowar ruwan. Tacewa da ƙyalle da zuba sinadarin kulorin su ma ba sa fitar da dalmar da ta narke. Wannan ba dalili ba ne na daina tafasa ruwa, domin kowanne da aikinsa.

Matakin da kowace makaranta za ta iya ɗauka gobe, ba tare da kashe ko kwabo ba, shi ne a sa mutum ɗaya, maigadi ko malamin da ke kan aiki, ya buɗe kowane famfon sha da sassafe kafin yara su iso, ya bar ruwan ya zuba na minti ɗaya ko biyu, har ya ji sanyinsa ya canja a hannu. Bayan hutu a bar shi ya fi haka daɗewa. Kada a zubar da wannan ruwan a banza: a tare shi a bokiti a yayyafa wa aji kafin shara, a kai banɗaki, ko a wanke hannu da shi, domin dalmar da ke cikin ruwa ba ta ratsa fata yadda za ta cutar. Sha da girki ne kawai ba a yi da shi, kuma wannan ya shafi masu dafa abincin 'yan makaranta da masu sayar da kunu da zoɓo a bakin ƙofa idan a famfon suke ɗiba. Sai dai a sani cewa zubar da ruwan farko ragewa yake yi. Idan dalmar daga famfon da ke cikin rijiyar burtsatse take fitowa, ta riga ta shiga tanki gaba ɗaya, kuma ba abin da zai nuna hakan sai gwaji.

A gida kuma, kada a tura yaro makaranta da cikinsa wayam. Ko kunu da ƙosai ne ya samu, kuma a yawaita masa wake da zogale da alayyafo da ƙwai da kifi da nono gwargwadon hali, domin jikin da ya ƙoshi da sinadarin ƙarfe na jini da kalsiyam ba ya tsotsar dalma kamar jikin da ke neman su.

Gwajin ruwa da karanta takardar sakamako

Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar, ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya: kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya. Maikurogiram shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan, lita ɗaya kuwa ita ce ledar fiyawota biyu. A takardar sakamako za ku ga an rubuta Pb, wato alamar dalma, a gabanta kuma lamba. Idan an rubuta mg/L, iyakar ita ce 0.01, idan an rubuta µg/L, iyakar ita ce 10. Saboda haka 0.004 mg/L yana ƙasa da iyaka, 0.03 mg/L kuwa ya ninka ta sau uku. A lura da sifirin da ke bayan ɗigo, domin a nan ne masu koyon karatu suka fi ruɗewa.

A nan Kaduna akwai wuraren da kwamitin makaranta zai fara tambaya, kamar Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, da hukumar ruwa ta jiha, da hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara. Dole ne a faɗa musu ƙarara cewa gwajin dalma ake so, domin gwajin ruwa na yau da kullum yakan tsaya ne a kan ƙwayoyin cuta. A karɓo kwalabe daga wurinsu, kada a yi amfani da tsohuwar robar lemo. A ɗibi kwalba ta farko da sassafe daga famfon da ya kwana ba a taɓa shi ba, tun daga ɗigon farko, sannan a bar ruwan ya zuba na rabin minti a ɗibi ta biyu. A rubuta sunan famfon da rana da lokaci a jikin kowace kwalba. Idan ta farko ce kaɗai ta yi yawa, matsalar tana kan famfon ko kusa da shi, kuma canja shi zai iya wadatarwa. Idan duka biyun ne, sai a bi bututu da tanki da injin jawo ruwan. Kowane famfon sha da gwajinsa, domin biyu a bango ɗaya suna iya bambanta.

Famfon da ya wuce iyaka a rufe shi ga masu sha a ranar, a rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe, kuma kada a buɗe shi sai an canja kayan an sake gwadawa. Wajen sayen sabo, a nemi na ƙarfe marar tsatsa ko wanda aka tabbatar ba shi da dalma, ko da ya fi tsada. Yaran da suka daɗe suna sha daga gare shi, musamman 'yan ƙasa da shekara shida, a kai su babban asibiti a nemi gwajin dalma a jini, domin shi kaɗai ne ke tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan an sami maikurogiram 5 ko fiye a kowane desilita na jini (wato kashi ɗaya cikin goma na lita), a nemo tushen gubar a raba yaron da shi. Maganin da ke fitar da dalma daga jini likita ne kaɗai ke ba da shi, ga waɗanda tasu ta yi yawa sosai, kuma jiƙe-jiƙe ba sa wannan aiki.

Yadda za a kai maganar

Makarantun gwamnati sukan kasance da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai, makarantun Islamiyya kuma suna da masu kula da su. Uwa ko uba ba sa bukatar takardar shaidar karatu kafin su yi tambaya a taro. Bayan gaisuwa, uwa tana iya cewa: "Malam, Allah ya ƙara girma, mun koya a ajinmu cewa ruwan da ya kwana a famfo yana iya ɗaukar dalma. Ko an taɓa gwada ruwan makarantar nan? Idan ba a yi ba, mu iyaye a shirye muke mu haɗa hannu da ku." Tambayar da aka yi cikin ladabi, a gaban sauran iyaye, kuma aka sa ta a rubuce cikin littafin taro, ta fi wuyar mantawa.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya ziyarci makarantar da ɗansa ko jikansa yake zuwa, ya ƙirga wuraren da yara ke shan ruwa, ya rubuta a littafinsa daga ina ruwan yake zuwa, da irin ƙarfen kan famfon, da kuma wanda ke fara buɗe shi da safe. Sannan ya duba waɗannan sakamako guda uku, 0.008 mg/L da 0.02 mg/L da 15 µg/L, ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka wuce iyaka. A darasi na gaba za mu haɗa abin da kowa ya samo, mu rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga shugaban makaranta, kowa ya sa hannu da kansa.