Yadda Ake Shirya Kare Mai Fargaba Ya Ci Jarrabawar Kammala Ajin Horo

Yawancin azuzuwan koya wa karnuka biyayya suna ƙarewa ne da jarrabawa, inda ake so mai kare ya nuna a gaban mai jarrabawa cewa karensa yana jin magana ko da a cikin mutane da hayaniya. Kare mai fargaba sau da yawa ya iya duk abin da za a nema daga gare shi, domin a cikin gida yana zama idan an ce ya zauna, yana kwanciya idan an ce ya kwanta, kuma yana zuwa da gudu idan an kira shi. Abin da ke kayar da shi a ranar jarrabawa shi ne baƙon wuri, da baƙin fuskoki, da ƙamshin wasu karnuka, da ƙarar da bai saba da ita ba. Saboda haka ƙara maimaita masa umarnin da ya riga ya sani ba zai magance komai ba. Aikin da ke gabanka shi ne rage masa tsoron abubuwan da za su kewaye shi. Irin wannan kare ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, wanda aka wallafa a 2020 a kan karnuka fiye da 13,700, ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari suna firgita da ƙara, kashi 29 cikin ɗari kuma suna fama da tsoro.

Fara da sanin abin da jarrabawar ta ƙunsa

Ka nemi mai horarwa ya ba ka jerin abubuwan da za a gwada tun da sauran makonni, tare da dokokin da za a bi, domin kowane aji yana da nasa tsarin. Azuzuwa da dama sun ɗauki samfurinsu ne daga jarrabawar Canine Good Citizen, wadda American Kennel Club, wata ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, ta fara a 1989, don haka za ta yi mana amfani a matsayin misali. Abubuwa goma ake gwadawa a cikinta. Baƙo zai zo ya gaisa da kai, sannan ya shafa karen, ya taje masa gashi, ya duba kunnuwansa, ya ɗaga ƙafafunsa na gaba ɗaya bayan ɗaya. Za ku yi tafiya igiya tana sake, ku ratsa tsakanin mutane aƙalla uku. Karen zai zauna, ya kwanta, ya tsaya a inda aka bar shi yayin da kake tafiya zuwa ƙarshen igiya mai tsawon ƙafa 20, wato kusan mita 6, sannan ya zo idan ka kira shi daga nisan ƙafa 10. Za ku haɗu da wani mutum riƙe da nasa karen, a yi wata ƙara ko motsin ba-zata kamar faɗuwar kujera ko sanda, a ƙarshe kuma ka bar karen a hannun wani ka ɓace masa na minti uku.

Idan ka duba jerin da kyau za ka ga cewa zama da kwanciya da amsa kira, waɗanda akasarin mutane ke kashe lokacinsu a kai, su ne mafi sauƙi ga kare mai tsoro. Masu wuyar su ne taɓawar baƙo, da haɗuwa da wani kare, da ƙarar ba-zata, da rabuwa da kai. Ka ware biyu ko uku da suka fi tayar wa naka karen hankali, ka ba su mafi yawan lokacinka.

Kafin ka fara, ka kai shi wurin likitan dabbobi, musamman idan tsoron ya taso ne kwanan nan ko ya ƙaru ba tare da wani dalili a fili ba. Ciwon kunne ko na haƙori ko na gaɓoɓi yakan sa kare ya ƙi yarda a taɓa shi, kuma babu horon da zai gyara wannan sai an yi maganin ciwon. Idan fargabar ta yi tsanani, likita ne kaɗai zai yanke ko ana bukatar magani, kuma wasu magungunan sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki. Kada ka ba kare maganin ɗan Adam ko wani abin sa barci da shawarar kanka.

Gano tazarar da karenka ke iya jurewa

Wannan shi ne matakin da komai ya rataya a kansa. Kare yakan nuna damuwarsa tun kafin ya kai ga haushi ko gurnani, sai dai alamun ƙanana ne, kuma suna wucewa da sauri. Zai yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya riƙa lasar leɓe babu abinci a kusa, ya yi haki ba tare da zafi ko gudu ba, ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafuwa, ko ya kawar da kai yana kallon abin ta gefen ido har farin idonsa ya bayyana. Wani kuma yakan daskare ne wuri guda, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin sai su ɗauka natsuwa ce alhali tsoro ne ya ɗaure shi.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne abinci. Ka tsaya da karen nesa da abin da yake tsoro, a ce wani mutum ne mai dogara sanda, ka miƙa masa ɗan guntun abin da ya fi so. Idan ya karɓa a hankali, jikinsa a sake, ya dubi mutumin ya sake dubanka, to tazarar ta yi daidai kuma yana iya koyo. Idan ya fizge shi da ƙarfi har haƙoransa suka taɓa yatsunka, kun fara matsowa da yawa. Idan kuwa ya ƙi karɓa gaba ɗaya, kun wuce iyaka, sai ka ja da baya har inda zai sake ci. Wannan iyaka tana canzawa daga rana zuwa rana, har ma daga wuri zuwa wuri, don haka kullum sai ka sake auna ta.

Daga wannan tazara ake fara aiki, kuma tsarin da abubuwa ke biyo juna yana da muhimmanci ƙwarai. Abin tsoron ne zai fara bayyana, sannan lada ta biyo baya nan take. Da zarar ya ɓace, ladar ma ta tsaya. Bayan an maimaita hakan sau da yawa, karen zai fara ɗaukar ganin mutumin a matsayin albishir, kuma za ka gane hakan ranar da ya hango shi ya juyo wurinka yana jiran rabonsa. Sai a wannan lokacin ne za ka rage tazarar da taki ɗaya ko biyu. Minti biyar zuwa goma sun isa kowane zama, kuma ya fi kyau a tashi tun karen yana cikin walwala. Tsawa da fizgar igiya ba su da wuri a wannan aiki, domin suna ƙara wa tsoron wani tsoro. Ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin halayya ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 tana ba da shawarar a horar da karnuka ta hanyar lada kaɗai. Gurnani ma kada ka hukunta shi a kansa, saboda gargaɗi ne, kuma karen da aka hana yin gargaɗi yana iya kai cizo ba sanarwa.

Haka za ka bi da taɓawa, kana farawa da hannunka. Ka taɓa kafaɗarsa ka ba shi lada, ka gangara zuwa gwiwa, sannan ka riƙe daginsa na daƙiƙa ɗaya ka saki. Idan ya janye ƙafar, ka bar shi ya janye, ka koma inda ya yarda. Bayan ya saba da kai, ka kawo wanda ya sani, sannan wanda bai sani sosai ba, kana roƙonsu su zo masa ta gefe, su guji zuba masa ido, su shafa ƙirji ko gefen wuya maimakon su miƙo hannu ta saman kansa. Ƙara kuwa ana fara ta ne da abu mara nauyi da aka yar a wani ɗaki, sannan a riƙa matso da ita.

Rabuwar minti uku ta fi kowane sashe bukatar haƙuri. Ka ba wani amintacce igiyar, ka yi taki biyu ka dawo, sannan ka ɓoye a bayan ƙofa na daƙiƙa uku, sannan biyar, sannan goma. Kada tsawon lokacin ya riƙa ƙaruwa a jere kullum. Ka gauraya dogo da gajere don kada karen ya fahimci cewa kowace tafiya ta fi ta baya tsawo. Ka tafi ba tare da doguwar sallama ba, ka dawo ba tare da ɗoki ba. A jarrabawar ba a bukatar ya zauna wuri guda, abin da ba a so shi ne ya yi ta haushi ko kuka ko zirga-zirga babu ƙaƙƙautawa. Ka yi ƙoƙari ku kai minti huɗu ko biyar a atisaye, domin ukun ranar jarrabawa su zo masa da sauƙi.

Janye abinci, sannan a gwada a wurin

A jarrabawar Canine Good Citizen ba a yarda da abinci ko abin wasa ba, amma an yarda ka yi wa karen magana, ka yaba masa, ka shafa shi. Idan naka ajin ma haka yake, to ka fara janye abincin tun da wuri, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cire shi daga hannunka zuwa aljihu, daga aljihu zuwa kan tebur a can gefe, kana neman abu biyu kafin ka ba da lada, sannan uku, sannan biyar, yabon baki yana cike gurbin da ke tsakani. Wannan janyewa ta shafi umarnin da ya riga ya ƙware a kansu ne kawai; a kan abin da har yanzu yake tsoro, ka ci gaba da ba da lada a yalwace.

Ka nemi izinin kai karen wurin jarrabawar lokacin da babu kowa, ya shaƙi ƙamshin wurin, ya taka daɓen, musamman idan mai santsi ne. Sannan ku yi gwajin jarrabawar gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya da mutumin da karen bai sani ba. Ka kuma sanar da mai jarrabawa halin karenka, ka tambaya ko za a sa ku a farko ko a ƙarshe don ku rage zaman jira cikin cunkoso. Ba zai sauya maka dokoki ba, amma yawancinsu za su kula da yadda suke tunkarar karen. Ka tabbatar da irin abin wuyan da aka amince da shi, domin a jarrabawar da muka ambata ba a karɓar mai ƙayoyi ko mai lantarki ko wanda ake ɗaurawa a hanci.

Kwana biyu kafin ranar, ka sassauta komai. Tashin hankali yana taruwa ne a jikin kare, ta yadda wanda aka yi wa wanka da yankan farce jiya, aka tara masa baƙi da dare, zai iso wurin jarrabawa haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Ranar jarrabawa

Ka ba shi abinci kaɗan da wuri, ku isa kafin lokaci, ka bar shi ya zagaya a waje yana shinshine-shinshine har ya yi fitsari da kashi, saboda yin su a tsakiyar jarrabawa yakan jawo faɗuwa. Ku yi jira nesa da ƙofa da sauran karnuka, kuma kada ka bari kowa ya zo yi masa wasa. Ka tafi da buroshi ko matajin da ya saba da shi.

Ka lura da naka jikin ma. Idan ka naɗe igiya a hannu ka ɗaure ta tamau, ka riƙe numfashi, muryarka ta sauya, karen zai ji duk wannan ya ɗauka akwai haɗari a kusa. Ka bar igiyar ta ɗan lanƙwasa, ka yi magana da muryar da kake yi masa a gida, ka ba da umarni sau ɗaya ka ɗan jira, domin kare mai fargaba yakan ɗauki daƙiƙa biyu ko uku kafin ya amsa. Wajen haɗuwa da ɗayan karen, ka sa jikinka ya shiga tsakaninsu. Idan an yar da abu ya zabura, ba faɗuwa ba ce, domin an yarda ya ɗan razana. Abin da ake dubawa shi ne ko zai dawo hayyacinsa ba tare da ya nemi gudu ko ya yi ta haushi ba, don haka ka kira sunansa a hankali ka yaba masa da zarar ya dube ka. Tsakanin sashe da sashe, ka ba shi 'yan daƙiƙu ya girgiza jiki ya huta.

Idan kuwa ya fara rawar jiki, ko ya daskare, ko ya yi gurnani ga mai jarrabawa, ka dakatar da jarrabawar da kanka ka fita da shi cikin natsuwa. A ganina wannan ya fi tilasta masa ya ƙarasa, domin tilasta wa karen da ya firgita ya jure taɓawar baƙo yana iya rushe aikin makonni, kuma yana iya ƙarewa da cizo. Bayan ya huce, ka tambayi mai jarrabawa sashen da aka samu matsala da abin da ya gani a jikin karen, ka kuma tambaya ko za a iya maimaita wannan sashen kaɗai ko sai an sake duka. Ka ba karen kwana biyu ko uku na hutu, sannan ku koma kan sashen daga tazarar da yake iya cin abinci a cikinta, kada kuma ka sa ranar sake jarrabawa sai ya yi shi lafiya a wurare daban-daban da mutane daban-daban.