Faifan hoki ɗinka na ratsa bango? Ga kurakuran da aka fi yi

Ranar Asabar ƙanena da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ya zo gida Aboabo da laftof ɗinsa, wai ya haɗa wasan hoki na tebur a kwamfuta, irin wanda mutum biyu ke bugun faifai kowa na tsaron ragarsa. Ya ce "Yaya duba min, in na buga da ƙarfi sai faifan ya ɓace kamar aljani ya ɗauke shi." Na duba kod ɗin, babu wani aljani, kuskure ne da kusan kowa ke yi a farko, ni ma na sha yinsa.

Faifan nan fa ba tafiya yake yi ba, tsalle yake yi, kuma yawancin matsalolin daga nan suke tasowa. Allon na zana hoto sau 60 a sakan, kowane hoto shi ake kira firem, to in faifai na gudun fiksel 3000 a sakan, kowane firem yana tsallake fiksel 50 ke nan. Bangon ƙanena kaurinsa 10 ne, faifan kuma faɗinsa 30, sai ka ga a wannan firem yana gaban bango, a na gaba ya riga ya wuce gaba ɗaya, kod bai taɓa ganin sun haɗu ba balle ya mayar da shi. Maganin bango mai sauƙi ne, daina tambayar ko faifai ya taɓa bango, tambayi ko ya wuce iyakar tebur, in x ɗinsa, wato nisan tsakiyarsa daga gefen hagu, ya gaza rabin faɗinsa to ya fita ta hagu, ko da nisan nawa ne. Shi kuwa mabugi, abin da ake bugun faifan da shi, da ke yawo a tsakiya, sai ka raba firem ɗin gida huɗu, ka matsa faifai kaɗan ka duba karo, ka sake matsawa ka sake dubawa. Ka kuma sa wa gudun iyaka. Masu amfani da Unity, manhajar haɗa wasanni, su mayar da Collision Detection zuwa Continuous, a Box2D mai lissafin motsi da karo kuma akwai zaɓin bullet.

Da muka gyara wannan sai faifan ya koma manne wa bango yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Dalili, duk firem ɗin da kod ya ga ya shiga bango sai ya juya masa alkibla, bai gama fitowa ba an sake juya shi ciki, haka za su yi ta yi har Mahadi ya bayyana. Abu biyu ake yi tare: ka ciro shi ka ajiye daidai bakin bango, sannan kar ka juya gudun sai in bangon ya nufa.

Inda na fi ganin an taɓargaza shi ne karon faifai da mabugi. Gane karon ba wuya, in tazarar tsakiyarsu ta gaza jimillar rabin faɗinsu to sun haɗu. Amma sai mutum ya juya gudun x da na y duka, faifan ya koma ta inda ya fito ko da gefensa kawai aka goga, duk wanda ya taɓa buga sunuka a unguwa zai ji a jikinsa cewa ƙarya ce. Abu mai da'ira ta layin da ya haɗa tsakiyarsu yake turawa. Ka ɗauki layin nan daga mabugi zuwa faifai, ka raba da tsawonsa ya zama 1, kira shi n. Ka cire gudun mabugi daga gudun faifai, kira shi v. In v·n, wato x na v sau x na n a haɗa da y na v sau y na n, ya gaza sifili, ka cire (1 + e)(v·n)n daga gudun faifan, e kuwa, wato ma'aunin tashin faifai bayan karo, ni 0.9 nake sawa don kar ya yi ta tashi kamar roba. Kar ka manta nan ma ka ture faifan waje.

Gudun mabugin nan shi ake mantawa. Yatsa ko maus ke jan sa, don haka a kod gudunsa sifili ne, ka kai duka iya ƙarfinka faifai ya tafi a sanyaye. Kai za ka lissafa, inda yake yanzu a cire inda yake a firem da ya wuce, a raba da lokacin da ya shuɗe.

Sai maganar waya. A laftof komai lafiya, da muka buɗe a wayar abokinsa mai allon 120Hz, wato mai zana hoto sau 120 a sakan, sai wasan ya ninka gudu, saboda requestAnimationFrame, da ke kiran kod ɗin a kowane firem, saurin allo yake bi. Haka ma ninka gudu da 0.99 kowane firem don rage shi, a firem 60 bayan sakan ɗaya saura kusan kashi 55 cikin 100, a tsohuwar waya mai yin 30 kuwa saura 74, wasa ɗaya tebur biyu. Ka ware wa lissafin motsi lokacinsa tsayayye, Unity ma 0.02 na sakan take amfani da shi a FixedUpdate. In mutum ya leƙa WhatsApp ya dawo kuma lokacin da ya taru zai yi yawa, ka datse shi.

Ƙananan guda biyu. In tsakiyar faifai da ta mabugi ta hau kan juna tazara ta zama sifili, ka raba da sifili ka samu NaN, wato abin da ba lamba ba, faifai ya ɓace har abada, to ka duba kafin ka raba. Na biyun, in aka matse faifai tsakanin mabugi da bango, wannan na turawa wancan na turowa. Mu dai bango muka ba gaskiya, muka sa mabugin ne ke ja da baya, muna cikin gwadawa aka ɗauke wuta batirin laftof ɗin kuma dama ya mutu tun bara.